Kallon taurari: kai kaɗai ko cikin taro?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma don Allah kada wani ya ɗauka da shi nake. Ni dai na daina zuwa fitar da muke yi a taro. A ganina kallon sama abu ne na mutum ɗaya, da zarar an kai mutum biyar to an koma hira da shan shayi. Ku tuna fitarmu ta hanyar Tiga, mun yi tafiyar sama da awa guda don kawai mu tsere wa fitilun gari, na kashe waya na zauna shiru kusan minti talatin ido ya saba da duhu, har na fara hango Andromeda, wani babban gungun taurari mai nisa, da ido kawai kamar ɗan farin hayaƙi, hasken da ya yi shekara miliyan 2.5 yana tafiya kafin ya iso idona, sai kawai wani ya kunna tocilar waya yana neman gwangwanin sukari. Shi kenan ido ya koma farko. Wallahi ranar har na dawo gida raina a ɓace yake.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumussalam Yaya. Ni ne na kunna tocilar nan kuma na ba da haƙuri tun a wurin, ina ƙara bayarwa. Amma a lokacin ban san ido yana buƙatar wannan dogon lokacin ba, a wurin na koya, daga bakinka ma. Da ina ɗakina ni kaɗai wa zai gaya min?

Baban Ummi:
Ya wuce ƙanena, ba kai ba ne matsalar, yanayin taron ne.

Malama Maman Hanif:
Baban Ummi ka yi haƙuri zan saɓa maka. Kai namiji ne kana da mota kana da bene, za ka iya cewa kai kaɗai. Ni fa? Wace mace ce a garin nan za ta ɗauki tabarma ƙarfe sha ɗayan dare ta fita bayan gari ita kaɗai wai za ta kalli taurari? A gidanmu a Hotoro tsakar gida ce kawai, sama ɗan murabba'i, ga fitilar sola ta maƙwabta tana haske har asuba ga ƙarar janareto. Ban taɓa ganin zoben duniyar Zuhal (Saturn) ba sai ranar da aka yi fitar iyali, na je da maigida da yara, na sa ido a madubin hangen nesan nan na ga ɗan ƙwallo da zobe zagaye da shi fes kamar an zana, sai da na ja baya na sake dubawa don ban yarda ba, Hanif kuwa har yau yana zana shi a bayan littafinsa. In kuka rushe taro to irinmu kun rufe mana ƙofa gaba ɗaya.

Injiniya:
Ga kuma maganar tsaro. Bara na gwada fita ni kaɗai wajen wani ƙauye ta hanyar Gwarzo, na kafa madubina a kan ƙafafunsa uku, ko minti ashirin ban yi ba sai ga 'yan sintiri da sanduna da tocila, sun ɗauka bindiga ce na saita. Ban ga laifinsu ba sam, a wannan zamanin ka ga baƙo cikin duhu da dogon bututu me za ka ce? Sai da na sa babbansu ya leƙa ya ga ramukan da ke jikin wata sannan hankalinsu ya kwanta, ƙarshe ma har layi suka yi. Da mu goma ne kuma mun gaida mai gari tun da rana da hakan bai faru ba.

Baban Ummi:
Duk na ji kuma Malama maganarki ta shige ni. Amma ku bambance nuna wa mutane sama da nazarin sama. Bari in ba ku misali. Wata guda na yi ina hawa benenmu bayan isha'i ina duba duniyar Mushtari (Jupiter) da ƙaramin madubina, kullum in zana shi a littafi da 'yan ɗigogin nan huɗu da ke gefensa, watanninsa da Galileo ya gani a 1610. Yau uku a dama ɗaya a hagu, gobe biyu biyu, wata rana ɗaya ya ɓace ya shige baya. Da kaina na gane na kusa da shi ɗin nan, Io, bai cika kwana biyu yake gama zagaye ba. Wannan ba a samunsa a layi, kowa daƙiƙa talatin a ce matsa na baya ya gani. Masanin taurari Herschel ma a lambun bayan gidansa a Bath ta Ingila ya gano duniyar Uranus a 1781, ba a taron shayi ba.

Injiniya:
Yaya ai Herschel da ƙanwarsa Caroline yake aiki, ita ke rubuta abin da yake gani tana lissafi, daga baya ita ma ta gano taurari masu wutsiya da kanta. Kuma tunda ka kawo tarihi ga wani. Tauraruwa mai wutsiyar nan Hale-Bopp da aka sha kallo a 1997, mutum biyu ne suka gano ta a dare ɗaya a Yulin 1995 a Amurka ba tare da sun san juna ba. Alan Hale yana gidansa a New Mexico shi kaɗai, wannan naka ne na ba ka. Shi kuwa Thomas Bopp ya fita ne da abokai cikin hamadar Arizona, ko madubin kansa ba shi da shi, a na abokinsa ya leƙa ya gan ta. Ka ga da babu taro da sunansa bai hau kanta ba.

Ɗan Kurna:
To ni ne Bopp ɗin ke nan, don kuɗin madubi ya fi ƙarfina a yanzu, karatu nake. Wanda muka yi karo-karo muka saya shi kaɗai ne nake taɓawa.

Alhaji Kawu:
Yara na bi maganarku tun daga sama. Ni na girme ku duka, a cikin gari na tashi kusa da Dala lokacin da in dare ya yi duhu ne na gaske. Ba mu san madubi ba. Lokacin zafi ake shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, kakarmu tana fifita da mafici tana nuna mana, ga Zara matar wata, ga Kaza da 'ya'yanta, in mun tashi asuba ta ce ga Gamzaki ya fito. Sai da na girma na san Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, Zuhura ce, wani lokaci ta fito da magariba wani lokaci da asuba. Sunayen nan daga baki zuwa baki suka zo mana, manhajar taurari ta Stellarium da kuke buɗewa a waya ba za ta ce muku Kaza da 'ya'yanta ba. Haka duban jinjirin wata, tun da can jama'a ke fita fili bayan faɗuwar rana, mai kaifin ido ya nuna wa na kusa da shi, a tabbatar, labari ya bi ta hannun masu gari da hakimai har ya kai fadar Sarkin Musulmi. Amma Baban Ummi ba ƙarya ya yi ba. Daren husufin watan Yulin 2018, wanda ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, bayan mun idar da salla kowa ya watse na zauna ni kaɗai a ƙofar gida ina kallonsa ja wur kamar garwashi, abin da na ji a zuciyata ranar ban taɓa jin sa cikin mutane ba.

Malama Maman Hanif:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Ni abin da ke damuna ma yara ne. A husufin rana na 29 ga Maris 2006 ina makarantar sakandare, a Kano rana ta kusa rufewa, wajen Katsina kuwa duhu aka yi sosai, na ga yara suna kallonta da baƙin gilashi na kwalliya wasu da ido tsirara, babu mai hana su. Wanda ya san haɗarin nan in ya kulle kansa a bene wa zai faɗa musu?

Injiniya:
Ga shawara. Ruwan taurarin Geminid yana zuwa daren 13 zuwa 14 ga Disamba, in hazo bai yi kauri ba zai yi kyau, don na Agusta kullum hadarin damina ne ke cinye mana shi. Mu yi tabarma biyu nesa da juna, ta shayi da yara kusa da motoci, ta masu shiru can gaba, duk mai tocila ya ɗaure mata jar leda don kada haskenta ya dami idon da ya saba da duhu, waya a aljihu. Ni zan je in gaida mai garin tun ranar Juma'a.

Baban Ummi:
Mun taɓa yin dokar jar ledar nan ai Injiniya, ko awa ba ta yi ba. Ni dai ina kan bakana, daren nan ina benena. Amma Ɗan Kurna ka biyo ta gida ranar Alhamis bayan la'asar ka karɓi babban madubin ka kai wa su Malama, ka kula da murfin gaban don ya ɗan saki. Kowa ya ƙirga taurarin da ya ga sun faɗo daga sha biyu zuwa ƙarfe ɗaya, shi kaɗai ba a haɗa da na wani ba, da safe a turo nan mu gwada da nawa.

Ɗan Kurna:
In sha Allahu Yaya, zan taho da adaidaita don ba zai ɗauku a babur ba.