Ɗalibaina sun iya gano adon harshe, amma ba sa iya fayyace amfaninsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina koyar da adabin Turanci a aji na ƙarshe na sakandare, kuma akwai matsalar da ta ci mini tuwo a ƙwarya.

Idan na ba ɗalibai waƙar da ba su taɓa gani ba, nan take za su nuna mini kamance da siffantawa da mutuntarwa. Amma da na tambaye su me wannan kamancen ya ƙara wa ma'ana, ko me ya sa mawaƙin ya zaɓi wannan kalmar ya bar wata, sai shiru. A rubutun insha'i kuwa labarin littafin suke sake bayarwa tun daga farko, alhali mai duba jarrabawa hujja yake nema daga cikin matanin.

Na gwada ba su tsari: magana, hujja, sharhi. Sun haddace shi, amma sharhin nasu maimaita hujjar ne da wasu kalmomi. Abin yana damuna, domin yaran suna da ƙoƙari sosai.

Don Allah wace dabara kuke bi? Gajerun baitoci kullum ya fi, ko rubuta amsa tare da su a allo?