Shin bin wa'azi ta intanet zai iya maye gurbin taron ikilisiya?

Mai tambaya:
'Yan'uwa cikin Almasihu, tun daga annobar korona ta 2020 mutane da yawa suka saba bin wa'azi ta YouTube da Facebook, har wasu suka daina zuwa coci. Shin kimiyya da fasaha suna raunana bangaskiya ne, ko kuwa mu ne ba mu iya amfani da su ba?

Dattijo:
Ɗana, ikilisiya ta daɗe tana cin moriyar fasaha. Littafi Mai Tsarki ne babban aikin da Gutenberg ya buga da na'urarsa ta buga littattafai a Jamus wajajen 1455, kuma Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, shi ne ya kafa wa Vatican gidan rediyo a 1931. Sai dai baftisma da jibin Ubangiji da duba marasa lafiya ba sa yiwuwa sai mutum ya zo da ƙafarsa, shi ya sa Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar yin taro.

Malamar kimiyya:
Baba ya yi gaskiya, amma ina ganin ya kamata mu faɗi ɗaya ɓangaren. A 1633 ikilisiyar Katolika ta hukunta masanin taurari Galileo saboda ya ce duniya ce ke kewaya rana, kuma har yau matasa suna kawo wannan a matsayin hujja cewa ikilisiya tana gāba da kimiyya. Kaɗan ne suka san cewa Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, limamin Katolika ne.

Wata 'yar'uwa:
Mahaifiyata ba ta iya fita saboda tsufa, ta waya take jin wa'azi, amma fasto yana kai mata jibi har gida.