Wace kyamara kuke ɗauka in tafiya ta kama?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada. Shekarun baya na je Kano kallon Hawan Daushe da Canon 5D Mark III da lens (gilashin gaban kyamara) 24-70, su biyun kaɗai sun haura kilo ɗaya da rabi. Kafin Sarki ya iso Ƙofar Kudu wuyana ya ƙage, igiyar ta yi min shati a fata, na cusa ta a jaka na koma ɗauka da waya. Har yau abin na damuna. Yanzu ina son haɗa kaya marasa nauyi.

'Yar Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni Sony a6000 nake riƙewa, tsohuwar 2014 ce amma ba ta ba ni kunya ba. Nauyinta giram 344, ɗan lens 16-50 da take zuwa da shi kuma giram 116. A jakar hannu nake jefa ta, in hau danfo ba wanda ya san ina ɗauke da komai. Ranar da muka je gandun daji na Lekki Conservation Centre na ƙara ganin amfaninta. Gadar saman nan mita 401 ce, lilo take yi, dole hannu ɗaya na kan igiya, da ɗayan nake ɗauka. Sai dai biran da ke kan bishiya sun fito min kamar ɗigon tawada, shi ya sa na ƙaro lens 55-210 mai jawo abin da ke nesa. Matsalar kyamarar batir, bai kai yini. Uku nake tafiya da su, kuma in jirgi ne a jakar hannu ake sa su.

Baba mai hoto, Mile 12:
'Yata, ban ƙi taki ba, amma in hanyar Arewa ce lokacin hunturu, lens ɗaya ya isa. Duk buɗewar da za ka yi don canji, ƙura ce ke sauka kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara, sai ka dawo ka ga tabo iri ɗaya a sararin samaniyar kowane hoto. Canon 250D nake ɗauka da lens 24mm ɗin nan shafal kamar murfin kwalba, giram 125. A irin wannan kyamara yana ba da faɗin hoto kusan irin na lens 38mm a babbar kyamara, ya ɗauki kasuwa, ya ɗauki mutum. In abu ya yi nisa na taka da ƙafata.

Mai gyaran waya, Obalende:
Ku yi hattara da tokumbo, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su. Na sayi lens a wani shago, waje fes. Bayan mako biyu na haska fitilar waya ta baya, sai ga zare-zare farare kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Fumfuna ce, laimar Legas ke kawo ta. Mai shagon ya ce a hannuna ta kama. Yanzu ba na biya sai na haska, kuma a robar abinci mai murfi nake ajiya tare da ƙunshin silika mai tsotse laima.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Baba, ranar hawa dogarai ba sa barin mutum ya matsa kusa da dawakai, don haka ina ganin sai na haɗa da 55-210 irin na ƙanwata. Ranar Asabar zan leƙa kasuwar Computer Village a Ikeja in riƙe a6000 a hannu in ji. Ƙanwata, batiran naki na asali ne ko na kasuwa?