Da wane ma'auni gidauniya take zaɓen ƙungiyoyin da za ta tallafa wa?

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, kuma shekara shida ke nan muna gyara rijiyoyin burtsatse da rufin azuzuwa da kuɗin karo-karo. Sau biyu muka nemi tallafi a wata gidauniya, sau biyu kuma aka aiko mana da takardar ban haƙuri ba tare da an faɗi dalili ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su yi mana bayani, domin mambobinmu sun fara cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ba.

Tsohuwar jami'ar tantancewa:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Na yi shekaru ina aikin tantance buƙatun tallafi a wata gidauniya, kuma gaskiyar magana ita ce ana ajiye buƙatu da yawa gefe tun kafin a karanta labarin matsalar da ke cikinsu. Abin da ake fara dubawa shi ne takardu: rajista da Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, wadda Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020 ya tanada, da shaidar rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da asusun banki mai ɗauke da sunan ƙungiya, da rahoton kuɗi wanda akanta mai zaman kansa ya bincika. Idan ɗaya ya rasa, sau da yawa magana ta ƙare a nan. Waɗanda suka tsallake sai a duba kasafinsu layi-layi, a ga ko farashin siminti da ladan leburori da suka rubuta ya yi daidai da na kasuwa, sannan a tura jami'i ya je ya gani da idonsa. A wannan ziyara nakan bar shugaban ƙungiya na zauna da matan unguwa, domin su ne za su faɗa mini ko famfon da aka ce an gyara yana ba da ruwa. Jami'i shawara kawai yake rubutawa. Kwamitin amintattun gidauniyar ne yake yanke hukunci.

Malamin makaranta:
Ƙari a kan bayanin Hajiya, kowace gidauniya tana da fagen da ta keɓe wa kanta. Gidauniyar TY Danjuma, wadda aka kafa a 2009, ta fi mayar da hankali kan lafiya da ilimi, kuma ta ware asusu na musamman ga ƙananan ƙungiyoyi a jihohin Taraba da Edo. Gidauniyar MacArthur ta Amurka, mai ofis a Abuja, yawanci ita take gayyatar waɗanda za su nema. Saboda haka buƙata tana iya yin kyau ƙwarai, amma ta faɗa inda ba a nemi irinta ba.

Ma'ajin ƙungiyar mata:
Hajiya, ban musa abin da kika faɗa ba, amma sharuɗɗan nan suna tankaɗe ƙungiyoyin karkara ne, su bar na birni masu iya rubuta Turanci. Ƙungiyar da abin da take tarawa a shekara bai taka kara ya karya ba, da me za ta biya akanta? Mu dai mun samu shiga ne ta hanyar wata babbar ƙungiya da ta karɓi tallafin, ta yanka mana wani kaso, ta kuma koya mana adana rasit. Bayan shekara biyu muka nema da kanmu, kuma rahotannin wancan aikin su ne suka tsaya mana.

Sakataren ƙungiya:
Allah Ya saka muku da alheri. Ina jin na gano inda gizo yake saƙa, domin rajistarmu ta ƙaramar hukuma ce kawai, kuɗinmu kuma suna cikin asusun shugabanmu na kansa. Hajiya, da wanne ya kamata mu fara?

Tsohuwar jami'ar tantancewa:
Ku fara da CAC, Malam, domin banki zai nemi takardar rajistar kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya. Idan kun je buɗewa, ku sa ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire kuɗi.