Sati 9 da yi mini aiki a gwiwa, har yanzu ta ƙi lanƙwasuwa

Tela: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni barci. Ni tela ne, shekarata 36. Wata Alhamis da la'asar sakaliya na taso daga Kantin Kwari da yadin mutane ɗaure a bayan mashin, sai wani mai adaidaita ya karyo kwana ba sigina. Na taka burki, ga yashi a gefen titi, mashin ya zame da ni, gwiwar dama ta daki bakin kwalbati. Ko waiwaye mutumin bai yi ba. Bandir ɗaya na shadda ya faɗa kwata, sai da na biya mai shi, kuma har yau yana ganin kamar da gangan na yi. Hoto ya nuna ƙoƙon gwiwa ya rabe biyu, aka yi tiyata aka ɗaure shi da waya. An tura ni sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓa bayan aiki, na je, daga baya na ɗan dakata. Yanzu idan na zauna a kujera sai ƙafar ta miƙe gaba, cinyar ta rame, sallah a zaune nake yi, banɗakinmu kuma na tsuguno ne. Kekena na ƙafa ne, ga azumi ya matso, ɗinkin Sallah kuwa shi ke riƙe da gidana. Me zan yi ta saki?

Maman Biyu: Sannu ɗan'uwa, Allah ya sa kaffara ne. Ka riƙa gasa ta da tawul da ruwan zafi safe da yamma, ka bi da man zafi. Haka na yi wa mahaifiyarmu da aka canza mata gwiwa. Wata huɗu ni kaɗai ke ɗaga ta, ni ke kai ta asibiti, ga yara ga miji. 'Yan'uwana maza uku, wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu shi ne mai bugo waya ya ce a gaishe da Hajiya. Har yau abin yana ci mini rai.

Tsohon Gola: Malam, "na ɗan dakata" ɗin nan ita ce maganar gaba ɗaya. Sau nawa ka je gashi, yaushe ka daina? Ni jijiyar cikin gwiwa na tsinka a filin ƙwallo, aka yi mini dashe, kuma sai da na yi wata 9 kafin na sake taɓa ƙwallo, don haka na san abin da nake faɗa. Tafiya kawai tana son gwiwa ta lanƙwasu wajen digiri 65. Zama a kujera da tashi, wajen 90. Tsuguno da zaman tahiya sun haura 130. Gwiwar da aka bari a miƙe, tabon ciki ne ke mannewa ya ƙage ta, kuma wata ukun farko su ne lokacinka. Ka kwanta rigingine, ka zarga tawul a tafin ƙafa, ka jawo dunduniya zuwa gare ka har inda zafi ya tsayar da kai, ka riƙe, ka saki. Ka danna bayan gwiwa a ƙasa har tsokar cinya ta ɗaure. Matashi a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. Kuma Maman Biyu ki yi haƙuri, gwiwa mai kumburi ƙanƙara take so, minti 15 zuwa 20 a cikin ƙyalle.

Tela: Sau huɗu na je. Amma Yaya ba lalaci ba ne. A zuwa na huɗu ma'aikacin ya danna ƙafar har sai da na yi hawaye a gaban mutane, kwana biyu tana kumbure. Ga kuɗin zama, ga shatar adaidaita zuwa da dawowa, ni kuma shago a rufe.

Baffa: Ɗana, tun farko da wajen mai ɗori aka kai ka da yanzu kana kan kekenka. Turawa sun zo sun tarar muna ɗori. Ni hannuna biyu aka ɗora ina yaro.

Tela: Baffa ai an je. Kawuna ne ya kawo mai ɗorin har gida bayan na bar gashin, ya shafa magani, ya ɗaure ta da kara sati biyu. Ba zan iya ce wa kawuna a'a ba, shi ya biya rabin kuɗin aikin. Kuma gaskiya zafin ya ragu a lokacin.

Tsohon Gola: To ga shi nan. Sati biyu a ɗaure, a daidai lokacin da ya kamata tana motsi! Zafi ya ragu don ba ka motsa ta, shi ke nan. Ni ma na yi kuka a gadon gashi, kowa yana yi. Daga yau ka zauna a bakin gado, ka sa lafiyayyar ƙafar a kan mai ciwon ka tura ta baya, ka cije.

Ɗalibar Gashi: Yaya Gola, da girmamawa, ciwonku ba ɗaya ba ne. Naka jijiya ce, nasa ƙashi ne da waya. Tsokar cinya a kan ƙoƙon gwiwa take ja, idan ƙashin bai gama haɗewa ba aka tura da ƙarfi, wayar na iya saki, karayar ta buɗe. Malam Tela, ka fara komawa wurin likitan da ya yi aikin a sake hoto, ka gaya masa maganar ɗorin, kada ka ɓoye. Shi zai faɗi iyakar da za a lanƙwasa. Idan ta ƙi duk da gashi, akwai lanƙwasawar da ake yi bayan an sa mutum barci, kuma jinkiri yana rage amfaninta. Ka ce wa mai gashin ya koya maka na gida, ka riƙa zuwa sau ɗaya a sati idan kuɗi ne matsalar. Idan kuma ka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinkin na fitar da ruwa, ko sharaɓarka ta kumbura tana zafi, a ranar za ka tafi asibiti. Tunda a Kano kake, Asibitin Ƙashi na Dala na da sashen gashi.

Tsohon Gola: Ƙanwata hoto ba laifi, amma irin wannan lallaɓawar ce ta kai shi sati 9. Na ga mutane da yawa suna jiran hoto har ƙafa ta sandare.

Malamin Islamiyya: Game da sallah kada ka sa damuwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Allah ya ba ka lafiya.

Maman Biyu: Ni dai ruwan zafin nan na ga amfaninsa da idona, Hajiya yanzu da ƙafarta take zuwa maƙwabta.

Tela: Na gode duka, Allah ya saka da alheri. Komawa wurin likitan ne nake jin nauyi, don ranar da ya ba ni ta wuce da sati uku, kuma na san zai yi faɗa a kan ɗorin. Ina tunanin in fara na tawul ɗin a gida tukuna, in ta ɗan saki sai in je. Wani abokina ya ce in sa wa keken ɗinkin mota mai aiki da wutar lantarki in riƙa takawa da ƙafar hagu, sai dai wutarmu ba ta zama.

Ɗalibar Gashi: Faɗan minti biyar ne Malam. Don Allah hoton nan shi ne farko.

Tela: In sha Allahu zan duba. To kafin nan, ƙanƙarar zan sa ko ruwan zafin? Kuma akwai wanda ya san nawa ake sa wa keke mota yanzu?