Me za mu kira V-taper da Hausa?

Jama'a, musamman malaman Hausa, teloli 'yan uwana da 'yan ɗaga ƙarfe, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya.

Ni tela ne. A 'yan shekarun nan samari na shigowa shago da hoto a waya, su ce so suke kaftani ko kwat ya zauna musu kamar na mutumin hoton. In na duba sai in ga ba ɗinkin ne ya yi aikin ba, jikin ne: kafaɗa mai faɗi, baya ya buɗe daga ƙarƙashin hammata, sannan ya yi ta tsukewa har ƙugu. Turawa na ce masa V-taper, wato jiki mai siffar harafin V. To mu ko a bokon Hausa babu V, don haka in na faɗi kalmar ga dattijo ko yaron shago, babu hoton da ke zuwa masa a rai.

Bari in fayyace abin, don mu san me muke raɗa wa suna. Tsoka biyu ce ke ɗauke da aikin. Ta farko ita ce shimfiɗaɗɗiyar nan ta baya da likitoci ke kira latissimus dorsi, ma'anarta a Latin "mafi faɗi a baya". Daga ƙasan gadon baya ta taso ta je ta kama ƙashin damtse, kuma jan jiki sama a kan sanda ne ke buɗe ta. Ta biyu ita ce hular kafaɗa, mai kashi uku: gaba, gefe da baya. Na gefen ne ke ƙara faɗi, shi ya sa ake ɗaga ƙaramin ƙarfe zuwa gefe hannu a miƙe. Tsawon ƙashin da ya taso daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa kuwa halitta ce, ba mai ƙara shi. Sai a gina naman da ke kansa, a rage teɓa. Steve Reeves, Ba'amurken ɗan ɗaga ƙarfe wanda ya ci gasar ƙirar jiki ta Mr. America a 1947 da ta Mr. Universe a 1950, har yau shi ake misali da shi a wannan ƙira.

A wajenmu teloli maganar ba ta ado kaɗai ba ce. Duk nauyin kaftani a kafaɗa yake rataye. In kafaɗa ta zube, yadi sai ya tattare a hammata, dole mu sa soso mu tayar da ita. In kuwa akwai nama a wurin, shadda da kanta take sauka sumul.

Yanzu ga kalmomin da aka ba ni tun jiya da na fara tambaya.

Wani ya ce ƙirar samudawa. Ban karɓa ba, domin wannan girma yake nunawa, alhali siririn saurayi ma zai iya samun abin da muke magana a kai. Wani ya ce ƙirar ƙarfi. Kalma ce mai kyau, amma ta yi faɗi. Ɗan kokawa mai kaurin ƙugu, wanda ƙirjinsa da cikinsa suka tafi sambal kamar turmi, ai ƙirar ƙarfi gare shi, kuma ba shi muke nufi ba.

Wani malamin makaranta ya kawo ƙirar mazurari. Malam, Allah ya ƙara basira, a wajen siffa babu wanda ya kai ka dacewa: sama a buɗe, ƙasa a tsuke. Na kwana ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne, kalmar nan yabo ce a bakin masu ita, kuma ban ga saurayin da zai ji daɗi a kwatanta shi da abin ɗura mai ba. Kalmar da mutane ba sa son a kira su da ita ba ta daɗewa.

Ni dai na tsaya a kan ƙirar zaki. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, mun taso muna jin ana faɗa wa namiji mai faffaɗan ƙirji da shafaffen ciki. Dubi zaki a tsaye: nauyinsa duk a gaba yake, ƙirji da kafaɗa, cikin ya ɗage, ƙugun ya tsuke. Kuma tana da 'yar uwa, tunda mace mai tsukakken ƙugu ƙirar kalangu muke ce mata. Na gwada a shago yau, na ce wa yarona wannan mai awon ƙirar zaki ne, a rage masa gefe. Bai tambaye ni ƙarin bayani ba.

Saura wata kalma guda da ta fi ƙarfina. A kwat ɗin kanti, mai ƙirji inci 40 yawanci da wando mai ƙugu inci 34 yake zuwa, wato bambancin inci 6, Turawa na ce masa drop. Mai ƙirar zaki yakan haura haka nesa, shi ya sa in kwat ya shige shi a kafaɗa, wandon sai ya yi masa buhu. Ni "tazarar awo" nake cewa, amma ba ta zauna mini a baki ba. Teloli, ku me kuke cewa a shagunanku?