Sabar kiɗa ta gida: Aurender, Innuos ko in haɗa Roon da kaina?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ina da amfilifaya da sifiku masu kyau a falo, ina kuma da DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobin kiɗa zuwa sauti, daban mai ɗaukar USB, to amma har yanzu da tsohuwar laftof nake tura masa kiɗa, fankarta ta fara ƙugi, ga shi duk sanda zan canza waƙa sai na tashi daga kujera. So nake in sayi sabar kiɗa ta gaske wadda zan juye duk CD ɗina a ciki in riƙa sarrafa ta daga waya. CD ɗin kwalaye ne guda-guda tun na zamanin karatu, sannan akwai tsofaffin waƙoƙin kalangu da kotso da kukuma da na gada wajen mahaifina, wasu a kaset wasu an riga an mayar da su MP3.

Abin da na ware bai wuce dala dubu huɗu zuwa biyar ba. Sunaye uku nake ta cin karo da su, Aurender da Innuos da kuma Roon Nucleus. Wanne ya fi? Kuma tsakani da Allah, ana jin bambancin sauti ko dai kawai akwati ne mai tsada? A Kaduna nake, ina da sola da inbata, dare ya yi nisa kuma wani lokacin sai an tada jen.

Kunnen Zomo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo maganar wanne ya fi, ka sani ukun nan ba hanya ɗaya suka bi ba.

Aurender 'yan Koriya ta Kudu ne, manhajarsu Conductor, su suka yi akwatin su suka yi manhajar, ba ruwanka da biyan kuɗin wata. Yadda yake aiki shi ne duk abin da ka jera zaka ji sai ya fara kwafo shi zuwa wata 'yar ma'ajiyar SSD ta ciki sannan ya kunna daga can. Masu harafin N babu DAC a ciki, masu harafin A su ne da DAC, tunda kana da naka ka manta da layin A. N200 wajen dala dubu shida yake, ya ɗan haura aljihun da ka faɗa, N150 shi ne zai shiga. Abin da ya sa nake kawo maka su musamman, akwai 'yar ma'ajiyar wuta a ciki, ba wai zata ci gaba da yi maka kiɗa bane in an ɗauke wuta, a'a, tana ba injin daƙiƙun da zai kashe kansa cikin natsuwa ne kada ajiyarka ta lalace. Turawa ba su cika damuwa da wannan ba, mu kam mun san darajarsa.

Innuos a Fotugal ake yinsu, manhajarsu Sense, ita ma kyauta. Gare ka babban abin da ke jikinsu shi ne ramin CD. Zen Mk3 da Zenith Mk3 kana zura faifai zai juye shi da kansa, ya nemo suna da hoton bango a intanet, ya tofo maka abinka ka saka na gaba. Mai kwalayen CD irinka wannan ba ƙaramin hutu bane. Sai dai ka duba da kyau kafin ka biya, ba kowane samfurinsu ke da ramin ba.

Roon kuma asalinsa manhaja ce ba akwati ba, akwatin daga baya ya zo. Wajen tsara ɗakin kiɗa ni dai ban ga kamarta ba, ta nuna maka wa ya kaɗa ganga a faifan nan, a wane faifai kuma ya sake fitowa, ka zauna sauraren awa ɗaya ka ƙare da uku. Amma ana biya, wajen dala 150 a shekara, ko dala 830 na har abada. Kamfanin kayan sauti na Harman ya saye Roon a 2023. Akwatinsu Nucleus One a kan dala 499 ya fito a 2024, ka ga ko ka haɗa da biyan har abadan da SSD mai girma baka taɓa rabin kuɗinka ba.

Ni Innuos nake amfani da shi kuma in ka tambaye ni shi zan ce, saboda CD ɗin nan naka.

Mai Gyaran Rediyo:

Alhaji ranka ya daɗe, ni ta inda ake kawo mana su a mace zan fara, domin duk bayanin da malam ya yi a sama gaskiya ne amma ba shi ke kashe kaya a ƙasar nan ba.

Ina zaka sayo? In daga Amurka ne ka tsaya. Wutarsu 120 ce tamu 230, kuma manyan injinan nan yawanci taransifoma ce zalla a cikinsu, ba irin cajar laftof ba da ke cin kowace wuta. An taɓa kawo min wani da aka yi odarsa daga can, mai shi ya canza kan fulogi kawai ya soka, ko minti bai yi ba ɗakin ya gauraye da ƙauri, da na buɗe taransifomar ta yi baƙi ƙirin robar jikinta ta narke ta manne da allon. Ka sayo daga Ingila ko Dubai, wutarsu ɗaya da tamu har bakin fulogin ma iri ɗaya ne, kuma duk da haka ka sa a ɗauko maka hoton bayan injin ka karanta lambar da idonka.

Sai inbata ɗinka, wace iri ce? In irin mai arha ce da wutarta ba ta fita sumul, zaka ji taransifoma tana zzzz ko ba ka kunna komai ba, tana zafi a banza. Wadda ake rubuta pure sine wave a jikinta ita ake so. Jen kuma kada ka yarda ya shiga kayan kiɗa kai tsaye, bari ya caja batir, batir ya ba inbata, inbata ta ba kayan. Lokacin da ake juya layi daga wannan wuta zuwa waccan nan ne ake ɓarna.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne damina. Sabar nan da waya ake haɗa ta da rauta, yawancinsu ma ba su da wayarles sam, to tsawa ba ta soket kaɗai take shigowa ba, ta wayar intanet ma tana biyowa, musamman in kwanonka ko eriyarka na kan rufi. Akwai 'yan akwatuna biyu masu arha da ke mayar da layin ya zama na fayiba, gilashi ne a tsakani wuta ba ta bi. Wasu na sayensu wai don sauti ya ƙara tsabta, wannan ban sa baki ba, ni don tsawa nake sa wa mutane. In hadari ya haɗo sosai kuma ka zare komai daga bango kawai, ba wayon da ya fi wannan. Ka sa a duba maka atin ɗin gidan ma, wato wayar da ake haɗawa da ƙasa, gidaje da yawa waya ce kawai aka saƙala ba ta je ƙasa ba.

Kuma ka sa a ranka garanti ba zai yi maka amfani sosai ba, in ya lalace kuɗin aika shi da dawo da shi da na kwastam kai zaka biya.

Anti Mai Lissafi:

Yallaɓai ni zan ɗan ɓata wa masu tsada rai, a yi haƙuri.

Ka tambaya ko ana jin bambanci. DAC ɗinka ta USB kake shiga, kuma a USB na zamani agogon DAC ɗin ne ke jan ragamar lokaci ba na sabar ba, lambobin da suka fito daga injin dala ɗari biyar su ne dai suke fitowa daga na dala dubu ashirin. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne dattin wuta da ke iya biyo kebul ɗin, kuma DAC mai kyau an gina shi ne ya tare wannan. Da ta wasu mashigai irin coaxial ko AES kake shiga da sai in ce eh, nan agogon mai turowa yana da tasiri. Akwai wani injin saba, Taiko Extreme na Holan, da ya haura dala dubu ashirin, masu shi suna rantsuwa da shi, ni dai ina so in ga an rufe musu ido an daidaita ƙarar sauti sannan su nuna wanne ne wanne.

To me kake saya da kuɗin? Shiru, domin babu fanka. Manhajar da ba zata riƙa sa ka hawan jini ba. Da kuma injin da zaka kunna ka manta da shi. Waɗannan sun cancanci kuɗi, ban musa ba, amma ba dubu biyar ba dole.

Inda nake ganin zaka sha mamaki shi ne kayan Baba. Injinan nan duk daga rumbunan intanet suke ɗauko sunan faifai da hoto, irinsu MusicBrainz. CD ɗin da aka buga a Turai ko Amurka nan take za su gane shi. Kaset ɗin kalangu da aka naɗa a gidan biki ko aka kwafa a kasuwa fa? Zaka buɗe manhajar dala dubu biyar ka tarar da Track 01, Track 02, mawaƙi ba a sani ba, har ɗari nawa. Roon ma da ake yabo duk kwalliyarsa a kan bayanan nan take, in babu su fili ne fetal. Sai ka zauna da manhajar Mp3tag a kwamfuta, kyauta ce, ka rubuta sunan makaɗi da na waƙa da hannunka, ka ɗauki hoton kwalin kaset ɗin da waya ka liƙa ya zama bango. Ka tsayar da rubutu ɗaya tun farko, in ka sa ƙ da ɗ a wani wuri ka sa k da d a wani, injin zai raba maka mutum ɗaya gida biyu.

Kuma waɗanda aka riga aka mayar MP3, in irin na masu turi ne da aka matse don ya shiga memori, abin da aka yanke ya tafi, ba sabar da zata dawo da shi, randar zinare ce ka zuba wa ruwan kududdufi. In kaset na asali na nan, nemi dek mai lafiya a goge masa kai, a sake naɗa da manhajar Audacity a ajiye a FLAC, tsarin fayil da ba ya yanke komai daga sautin. Wallahi nan ne zaka ji bambancin da ko yaro zai ji, kuma kaset ba ya jira, zafi da ƙurar hunturu cin sa suke.

Da ni ce, Nucleus One ko ƙaramar kwamfuta NUC da aka sa wa ROCK, tsarin Roon na haɗa saba da kanka, shi kyauta ne in kana biyan Roon, sauran kuɗin in zuba a batir da gyaran falon, labule mai kauri da kafet, in janyo sifikun daga jikin bango.

Kunnen Zomo:

Anti ban yarda da ke duka ba. Ni da na tashi daga laftof zuwa saba na ji bayan kiɗan ya yi tsit, ƙananan sautuka suka fito. Ko dattin wutar laftof ne ya tafi ko me, kunnena dai ya ji. Amma maganar kaset kin yi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, data. A masu turo kiɗa ta intanet, Qobuz ba su buɗe a Najeriya ba, Tidal ne ke aiki, kuma sun bar tsarin MQA sun koma FLAC tun 2024. Ingancin CD yana cin wajen megabait 400 a awa, in ka hau inganci mai zurfi na 24/192 kuwa ka yi lissafin gigabait biyu ko fiye a awa ɗaya. Shi ya sa a nan ajiyar cikin gida ta fi muhimmanci, ba kamar waɗanda intanet ɗinsu ba ya yankewa ba. Terabait ɗaya na ɗaukar CD sama da dubu biyu a FLAC, ka sa biyu ka huta. Sannan ka sayi wata ma'ajiyar ta waje ka yi kwafi na biyu, ka cire ta ka kai wani ɗakin ko ma wani gidan, kada ka bar ta a jone, tsawar da ta ci sabar zata haɗa da ita.

Baban Ilham:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Injiniya na je na duba inbatar, mai kyau ce alhamdulillah, amma jen ɗin kai tsaye yake shiga falo, gobe in sha Allah zan kira mai wayarin. Odar ma ta Dubai zan bi, akwai ƙanina da ke zuwa.

Zuciyata ta fi karkata ga Innuos mai ramin CD, don gaskiya na san kaina, ba zan iya zaman juye faifai ɗaya-ɗaya a kwamfuta ba, kuma biyan dala duk shekara da katin naira wani ciwon kai ne daban. Zan ɗauki Zen in bar Zenith, rarar ta tafi inda Anti ta ce. Kaset ɗin Baba suna nan a akwatin ƙarfe, na buɗe ɗazu wasu har da rubutun hannunsa a jiki, shekara da garin da aka yi wasan.

Injiniya saura tambaya ɗaya, dek ɗin da ke gidan ya fi shekara goma ba a kunna ba, in gwada shi haka ko in kawo?

Mai Gyaran Rediyo:

Kada ka saka kaset mai daraja a ciki tukuna Alhaji. Bel ɗinsa na roba zuwa yanzu ko ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, tayar da ke matse zaren ma ta bushe, zai tauna maka kaset ne kawai. Gwada da wanda ba ka so, in ka ji sauti na rawa ko yana ja to a kashe a kai wa mai gyara ya canza bel ya wanke kai da sifirit. Su kuma kaset ɗin kafin a kunna kowanne a zura biro a juya shi a hankali a ga zaren bai manne ba, a duba ɗan audugar nan da ke ƙarƙashin zaren ma, yawanci ita ke faɗuwa.